Ciyar da ɗan tsako tun yana cikin ƙwai

Ciyar da ɗan tsako tun yana cikin ƙwai wata dabara ce ta kiwon kajin nama, inda ake huda ɓawon ƙwai da siririyar allura a zuba sinadaran abinci a ruwan da ke kewaye da ɗan tayin. Ƙwan kaza na ƙyanƙyashewa a kwana 21, allurar kuma akan yi ta a wajen kwana na 17 ko 18, lokacin da ɗan tayin ke haɗiyar wannan ruwa.

Fasa ɓawo aiki ne mai cin ƙarfi. Ɗan tsako kan ƙarar da sukarin da ya tara a hanta, har ya shiga cin tsokar jikinsa, sannan yakan yi kwana ɗaya ko biyu bai ga abinci ba kafin a kai shi gona. Ga kazar da za a yanka a mako shida, wannan rashi ba ƙarami ba ne. Shi ya sa ake zuba sukari, sinadaran gina jiki, bitamin ko zinki, domin hanji ya ƙosa da wuri.

Dabarar ta samo asali ne daga rigakafin cutar Marek ta cikin ƙwai, wanda aka gwada a Amurka a 1982. Masu bincike Zehava Uni da Peter Ferket ne suka sami rajistar mallakar hanyar ciyarwar a 2003.

Aikin na buƙatar tsafta da awo sosai, domin idan ruwan allurar ya yi yawa ko kauri, ƙyanƙyasa raguwa take yi.