Dogon Baka: Abin da Ke Sa Ya Girgiza Hannu Bayan Sauya Tsirkiya

Iyalanmu da dama a Ingila suna kai yaransu kulob ɗin harbin baka, inda ake amfani da dogon bakan itace. Sau da yawa da an sa sabuwar tsirkiya sai baka ya fara ƙara, yana jijjiga hannu. Dalili shi ne duk ƙarfin da bai tafi da kibiya ba, hannun maharbi yake komowa.

A fara auna tazarar da ke tsakanin mariƙi da tsirkiya. Galibi inci 6 zuwa 7 ake so. Sabuwar tsirkiya tana miƙewa a harbe-harben farko, tazarar ta ragu, har ta riƙa dukan wuyan hannu. A kwance ta, a murɗa sau uku ko huɗu, a mayar, a harba, a sake aunawa. Haka za a yi ta yi har ƙarar ta lafa, sannan a rubuta awon.

A duba irin zaren kuma. Dacron yana da sassauci. Fast Flight kuwa kusan ba ya miƙewa, yana iya tsaga bakin bakan da ba a ƙarfafa ba. Ni dai ba na sa shi a bakan itace.

Kibiya maras nauyi ma tana jawo girgiza: baka mai ƙarfin fam 40 yana son kibiya mai kimanin giram 26. Kada a damƙe mariƙi da ƙarfi. In an ga tsaga a jikin itacen, a daina harbi nan take.