Asalin 'Yan Fuskokin Waya

Magana in ta fito daga baki, murya da fuska ke raka ta. Mutum zai ce wa abokin wasansa ɓarawo yana murmushi, a yi dariya a wuce. In kuwa rubutawa ya yi, mai karatu ba ya jin murya, ba ya ganin fuska, sai ya yi ta zato. Wannan ne ya jawo 'yan hotunan nan da ake kira emoji.

A shekarar 1982, masana kwamfuta na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka sukan aika wa juna saƙo ta na'urorinsu. Wata rana ana muhawara kan yadda ɗigon zaiba zai yi a cikin lif in igiyarsa ta tsinke, sai wani ya rubuta da wasa cewa zaiba ta zube a lif ɗin gininsu, a yi hattara. Wasu suka ɗauka da gaske. Nan aka shiga neman alamar da za a riƙa sa wa zancen wasa. Ran 19 ga Satumba, ɗaya daga cikinsu, Scott Fahlman, ya ce a haɗa ɗigo biyu da karan ɗori da baka, wato :-) a karkata kai a duba, za a ga idanu da hanci da baki yana murmushi. Abin da ba wasa ba kuma a juya bakan, :-( ke nan. Kafin a jima sun bazu zuwa wasu jami'o'i.

Mutanen Japan suka fito da nasu salon, (^_^), wanda ba sai an karkata kai ba. A can ne kuma abin ya zama hoto sosai. Kamfanin J-Phone ya sa guda 90 a wata waya a 1997, amma wayar ba ta yi kasuwa ba. Waɗanda suka karɓu su ne guda 176 da Shigetaka Kurita ya zana wa kamfanin NTT DoCoMo a 1999, kowanne cikin ɗan fili mai ɗigo 12 a tsaye, 12 a kwance: rana, laima, mota, zuciya. Saƙo a wayoyin nan bai wuce harafi 250 ba, don haka hoto guda ya rage dogon bayani.

To, sai dai kowane kamfani da nasa, abin da ka tura daga wannan waya ya isa waccan a wata siffa. A 2010 ƙungiyar Unicode, mai ba haruffan duniya lamba a kwamfuta, ta ba kowane hoto lambarsa, a 2011 kuma Apple ya buɗe wa kowa su a iPhone.

A 2015 masu ƙamus na Oxford suka zaɓi fuskar da ke dariya har da hawaye a matsayin kalmar shekara. Ita ce dai wadda wasu dattawanmu, ganin hawayen, sukan tura ƙarƙashin sanarwar rasuwa, sai 'ya'ya sun bi da sauri sun ce Baba a goge. A 2015 ɗin ce kuma aka ƙaro launin fata iri-iri, da masallaci da Ka'aba da carbi. Mai hijabi kuwa sai da Rayouf Alhumedhi, 'yar Saudiyya mai shekara 15 da ke zaune a Jamus a lokacin, ta rubuta wa Unicode takardar buƙata a 2016, aka amince a 2017, tare da tafin hannu biyu a buɗe da ake sawa bayan Amin.