Daura da Hanyar Jirgin Ƙasa, 1911 zuwa 2021

Kafin zuwan Turawa ƙasar Daura tana tsakanin Kano da Damagaram ne, bisa hanyar fatake masu nufin Agadas da Tarabulus. A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga Baro, a 1912 kuwa aka soma zirga-zirga har Ikko. Tun daga nan ciniki ya juya fuska kudu, hanyar hamada ta yi ta mutuwa.

Turawa sun shimfiɗa dogo domin kaya, mutane kuwa sai bayan kaya. Auduga suka sa wa rai, amma gyaɗa ce ta cika taragu. Saboda haka inda kaya suke can aka bi da shi: ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929, wani reshe ya kai Nguru a 1930. Daura ta zauna ba tasha. Manominta sai ya ɗora gyaɗarsa kan jaki ko raƙumi, daga baya kan mota, kuɗin dako ya ci wani abu daga ribarsa. Sarkin Daura Abdurrahman ya yi fiye da shekara 50 yana sarauta, ya rasu a 1966 dogo bai shigo ƙasarsa ba.

Jama'a kuwa ta yi ta ƙaruwa. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta sami mutanen Nijeriya kimanin miliyan 30, ta 2006 ta sami miliyan 140.  A Fabrairu 2021 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin, ya ƙaddamar da aikin hanyar Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na Fotugal aka bai wa aikin.

To, amfaninta ga talakan Daura ya dogara ne ga yadda aka tsara tafiyar jirgin. In kaya kaɗai aka yi wa tanadi, an maimaita shirin 1911. In kuwa ɗan kasuwa da ɗalibi da mai jinya za su iya shiga da asuba su yi harkarsu a Kano su kwana gida, a kuɗin da bai fi na mota ba, to, sa'an nan ne Daura ta koma kan hanya.