Asibitin gwamnati ko inshorar kamfani: wane tsari ne zai kai ga mutumin Fakku?

Hanyoyi uku ne ake biyan kuɗin jinya a duniya: ko gwamnati ta biya daga haraji, ko a tara kuɗi a asusun inshora kafin ciwo ya zo, ko kuma majinyaci ya sa hannu a aljihu ranar da ya kwanta. A Najeriya ta ukun ce ta fi rinjaye, domin sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun iyalai yake fitowa. A mazaɓa irin Fakku ta ƙaramar hukumar Kebbe, wannan na nufin sayar da tunkiya ko buhun gero kafin a kai mai naƙuda babban asibiti.

Birtaniya ce misalin tsarin haraji. Tun ranar 5 ga Yuli, 1948 hukumar NHS ke duba kowa ba tare da karɓar kuɗi a bakin ƙofa ba, illarsa kuwa dogon jira kafin a samu tiyata. Amurka ta jingina da inshorar kamfanoni, wadda akasari ake samu ta wurin aiki, sai shirye-shiryen Medicare da Medicaid na 1965 don tsofaffi da talakawa. Tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, fiye da kowace ƙasa mai arziki, amma har yau miliyoyin mutanenta ba su da inshora.

Dalilin a fili yake. Kamfani kasuwanci ya fito yi, saboda haka ya fi son lafiyayye mai albashi, wanda za a cire masa kuɗi kowane wata. Kamfanonin HMO irin su Hygeia da AXA Mansard suna ba abokan cinikinsu zaɓin asibiti da saurin ganin likita, sai dai kasuwarsu tana Legas da Abuja da manyan birane. Manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya a shekara, bayan kaka, ba ya cikin lissafinsu.

Tsarin gwamnatin tarayya ma da ma'aikata ya fara. An kafa NHIS da dokar 1999, ta fara aiki a 2005, ta kuma daɗe ba ta wuce ma'aikatan tarayya da iyalansu ba. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da ita NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu. Wajabtawa a takarda abu ne mai sauƙi. Wanda ba shi da albashi, daga ina za a cire?

Amsar da doka ta bayar tana cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun BHCPF. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Wani kaso yana zuwa kai tsaye ga cibiyoyin lafiya matakin farko, wani kuma yana biya wa talakawa kuɗin rajista ta hannun hukumomin jihohi. A Sakkwato hukumar ita ce SOCHEMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal.

Sunan hukumar kansa yana da labari. Sakkwato, kamar Kano da Katsina, ta kira tsarinta na taimakekeniya, ta kauce wa kalmar inshora, saboda malamai da dama suna ganin inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari da riba. Asusun da kowa ke zuba gudummawa don a agaza wa wanda ciwo ya kama ya fi kusa da takaful, kuma ya fi kwanta wa jama'a a rai. Masu tsara manufofi daga Abuja kan ɗauki wannan a matsayin ƙaramin al'amari, alhali shi ke sa mutum ya karɓi kati ko ya ƙi.

Tsarin gwamnati yana da nasa rauni, kuma maƙwabta sun nuna shi. Nijar ta ayyana jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sa magunguna suka riƙa yankewa. Ghana, wadda ta kafa inshorar ƙasa a 2003 da harajin kashi 2.5 cikin 100 kan kayayyaki, ta sha fama da irin wannan bashi. Najeriya kuwa ba ta taɓa cika alƙawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin tarayya ba.

Saboda haka a Kebbe da Tambuwal, inshorar kamfani ba ta ma shigo fagen ba balle a gwada ta da ta gwamnati. Kuɗin haraji ne kaɗai ke iya biya wa manomi, kuma katin da aka ba shi ba zai haifar da komai ba idan ya isa cibiya ya tarar babu ungozoma, babu magani. Abin da ya kamata matasan yankin su nema daga SOCHEMA da kansilolinsu lissafi ne: mutum nawa aka yi wa rajista a Fakku, nawa ne ya shiga asusun cibiyar mazaɓar a kowane wata uku, kuma wa ya sa hannu aka fitar da shi.