Yadda Hasken Leza Ya Shiga Ƙirar Farantin Sola

Ƙwayar sola ta farko mai amfani, wadda aka ƙera a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka a 1954, yankakken silikon ce. Wutar ƙwaya guda ba ta kai bolt ɗaya ba, don haka sai a jera su da yawa, a haɗa da waya da dalma. Ga cin lokaci, ga tsadar silikon.

A 1976 David Carlson da Christopher Wronski na kamfanin RCA suka fito da wata dabara: a shafa silikon a kan gilashi ko ƙarfe, shafin da ko kusa bai kai kaurin gashi ba. An samu sauƙin kaya, amma wata matsala ta kunno kai. Komai faɗin gilashin, ƙwaya ɗaya ce tak. Tilas a rarraba ta, sannan a sarƙa yankunan da juna.

Da farko rufe wasu sassa ake yi da marfin ƙarfe yayin shafin. Wannan ya wadatar ga ƙananan kaya irin kalkuletar da Sanyo ta Japan ta soma sa wa sola a 1980, amma yana ɓarnar fili a babban faranti.

Mafita ta zo daga Joseph Hanak, shi ma na RCA, wanda ya samu rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1981 kan tsaga shafin da leza. Sau uku ake tsagar. Ta farko tana raba shafin ƙasa mai ɗaukar wuta. Ta biyu tana huda shafin da ke shan hasken rana, domin ƙarfen da za a shimfiɗa a sama ya taɓo ƙasan maƙwabciyar ƙwaya. Ta uku tana raba ƙarfen saman. Sai farantin ya fito jere-jere kamar kunyoyin gona, kowace ƙwaya haɗe da ta kusa da ita, babu waya a tsakani.

A kan wannan tsari kamfanin First Solar ke ƙera farantansa na sinadarin kadmiyam telurayid, shi kuma masu binciken ƙwayar sola ta sinadarin perobskayit suka gada. Wurin da aka tsaga ba ya ba da wuta, shi ya sa har yau injiniyoyi ke fafutukar ƙara sirantar da layin. Duk abin da aka rage a faɗinsa, ƙarin wuta ne ga mai saye a kan kuɗi ɗaya.