Hanyar Fada ta Birnin Damagaram

Ƴan uwa, duk wanda ya taɓa sauka Damagaram ya san hanyar da ta taso daga ƙofar fada, ta ratsa Birni, ta nufi Zango. Yau ƴan kabu-kabu ke tada ƙura a kanta, amma a da nan mulki da dukiya ke bi.

Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa. Ayarin raƙuma na Agadas da Tarabulus a Zango suke sauke kaya, kana madugai su biyo hanyar nan su kai gaisuwa fada. Bayi ma ta nan aka riƙa kora su. Wannan kada mu ɓoye ma ɗiyanmu.

A 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe Kapitan Kazamaju a garin. A 1899 Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Nan ne mazaunin gwamnan Nijar har 1926, da aka maida shi Yamai. Tun daga nan hanyar ta fara sanyi.

Abin da ya rage mana shi ne gidajen ƙasa masu zane a soro. Kowace damina sai wani ya zube, maginan da suka iya zanen kuwa suna ƙarewa. Mai gida bisa hanyar nan, don Allah a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Samari kuma su je su zauna gaban tsofaffin magina tun suna da rai.