Inda baƙo ke kwana: yadda gidan haya ya shigo ƙasar Kazaure

A ƙasar Kazauren da muka taso muka tarar, karɓar kuɗin ɗaki a hannun baƙo abin kunya ne. In an turo malamin makaranta ko malamin asibiti ƙauye, wurin dagaci yake sauka, dagaci ya dubi gidan da ke da shagon da babu kowa ya ce a share masa. Fatake na da fatomansu, almajiri na da zauren malaminsa. Ladan mai gida mutunci ne, sai ɗan goro da sabulu in wata ya yi. Haya kuwa a Kano ake jin labarinta, a Sabon Gari da Fagge.

Makaranta ce ta kawar da wannan kunya. Da Janar Babangida ya cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, Dutse ta samu fadar gwamnati, Kazaure ta samu kwalejin fasaha ta jiha, wadda ke ɗauke da sunan Sarki Hussaini Adamu, kuma gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. Saminu Turaki, ɗan garin da ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya ƙara da makarantar kwamfuta da kowa ke kira Informatics. Sai ga baƙi irin waɗanda ba a saba da su ba: samari da 'yan mata daga garuruwa masu nisa, za su shekara biyu ko huɗu, ba su da dangi a gari, da kuɗinsu a hannu. Mutum ɗaya ake saukarwa don Allah. Ɗaruruwa sai da ciniki.

Mu da muke dillancin gida da fili mun san waɗanda suka fara, kuma ba attajirai ba ne. Magidanci ne da ya toshe ƙofar ɗaki ta cikin gida ya fasa wata ta waje. Ɗan fansho ne da ya karɓi garatuti ya ji tsoron kada ya narke a cefane. Akwai zawarawa da suka ci gadon kango suka yi masa rufin kwano. Ba wanda ya je banki, don gudun riba, don kuma bankin ma ba ya kallon mai takardar dagaci. Jarin daga adashi yake fitowa, ko kuɗin riɗi da kaka, ko san da aka yi kiwo aka sayar gab da Babbar Sallah. Shi ya sa har yau ginin haya a nan ba ya tashi lokaci guda: bana harsashi, baɗi a kai linta, in an rufa ɗaki biyu a zuba 'yan haya, kuɗinsu ya rufa na uku.

Darasin da ya fi tsada a Karkarna aka koye shi. Da aka ba Yankwashi ƙaramar hukuma aka ajiye sakateriya a Karkarna, mutane suka ɗauka abin da makaranta ta yi wa Kazaure shi ofis zai yi wa Karkarna. Ashe ma'aikaci ba ɗalibi ba ne. Iyalinsa na Kazaure ko Kano. Da safe ya hau babur ko mota, kafin la'asar ya koma. Haka abin yake a Roni da Gwiwa. Fili na da araha a waɗannan wurare, amma arahar ce ke ruɗar sabon shiga, domin ɗaki ba ya cin kuɗi sai a garin da baƙo ke kwana. Abin da ke tafiya a ƙauyukanmu shi ne shago a bakin kasuwa da siton ajiyar hatsi, sai 'yan ɗakunan da masu bautar ƙasa da ma'aikatan asibiti ke kamawa.

Sai maganar takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsa. A aikace, yawancin cinikinmu takardar hannu ce, da shaidu da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Wannan na riƙe ciniki muddin mai sayarwa shi kaɗai ke da abin. Rigimar tana gidan gado. Babban wa zai sayar, a biya shi, a yi gini, sai ƙanwar da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba da yawunta ba, kuma alƙali zai saurare ta, don hakkinta ne. Dillalin kirki ba ya taɓa gidan gado sai ya ga takardar rabo ko ya ji bakin kowane magaji, mata kafin maza ma, tunda su aka fi tsallakewa.

Masu gidajen ɗalibai sun sha nasu dukan. Yajin aikin malaman kwalejojin fasaha na 2013 zuwa 2014 ya ci watanni, korona ta sake rufe makarantu a 2020. Ɗakuna suka zauna a kulle, damina na cin yaɓe, babu mai biya. Daga nan masu wayo suka koyi haɗa ɗalibi da ma'aikaci, kada dukan kuɗin gida ya rataya a kan kalandar makaranta.

Yanzu lissafin ya ƙara tsauri. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kwano da rodi suka bi shi, albashin ɗan haya bai bi su ba. A ce ɗaki ya ci maka naira miliyan 2, kana karɓar 100,000 a shekara: shekara 20 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, ban da gyara da la'adar dillali. A ganina gidan haya a nan asusu ne, ba kasuwa ba. Yana tsare dukiya daga faɗuwar naira, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ke yin tsada. Ɗan hayan yau kuma ba na 1995 ba ne. Kafin ya tambayi kuɗi zai tambayi ruwa, ya leƙa ko banɗaki na ciki ne.

Ido ya koma Babura tun da gwamnatin Buhari ta kafa jami'ar fasaha ta tarayya a can a 2021, kuma a nan lissafin Kazaure na iya maimaituwa, tunda ɗalibi dole ya kwana. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Kazaure shi ne nake jan kunnen masu tambayata a kansa. Ma'aikatan da ke shimfiɗa shi za su kama ɗaki su biya da kyau, amma ranar da aiki ya ƙare za su naɗe tabarmarsu, fasinja kuma Kano zai je ya kwana.